Funfuna Mai Cin Nama a Jikin Mai Ciwon Suga: Tambayoyi da Amsoshi Ga Hausawan Legas

Yawancin masu ciwon suga a cikinmu sun san haɗarin gyambon ƙafa, sun san na ido da na ƙoda. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne cututtukan funfuna masu kutsawa cikin nama da jijiyoyin jini. Ba su da yawa, likita ma kan yi shekaru bai ga ko guda ba. Amma idan suka zo, tsakanin ciwon kai da rasa ido ko rasa rai sau da yawa ba ya wuce 'yan kwanaki. An shirya waɗannan amsoshi ne domin 'yan'uwa mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago, Obalende da sauran unguwannin da Hausawa ke zaune a Legas, musamman mai ciwon da kansa da wanda ke kula da shi.

Wai funfunar da ke fitowa a jikin burodi ko tuwon da ya kwana biyu, ita ce ke shiga jikin mutum?

Danginta ne, wani lokacin ma ita ce da kanta. Likitoci na kiran dangin gaba ɗaya fangas, kuma dangi ne mai faɗi. Wasu mun saba da su tun muna yara: makero a kan yaro, ƙyasbi a wuya da ƙirji, ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa, farin ruwa mai kauri da ƙaiƙayi da ke damun mata. Waɗannan a sama-sama suke tsayawa, suna da takurawa amma ba sa kisa. Waɗanda muke magana a kansu su ne masu huda fatar cikin hanci ko ta jiki, su shiga nama da jijiyar jini da ƙashi, har su kai ƙwaƙwalwa.

Wadda ta fi addabar masu suga sunanta mukomaikosis. Galibi wata funfuna mai suna Raizofus ke haddasa ta. Tana rayuwa a ƙasa, a taki, a kashin dabbobi, a ruɓaɓɓun ganye da 'ya'yan itace da tsohon burodi. Tana sakin iri ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, iska ta kwashe su. Ni da kai muna shaƙar su kusan kullum, jiki mai lafiya ya kashe su ba mu ma sani ba.

To idan kowa na shaƙa, me ya sa mai suga ta fi kamawa?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Suga da ya daɗe a sama yana tsaga bangon ta fuska fiye da ɗaya.

Fararen ƙwayoyin jini su ne ke zuwa su cinye irin funfuna idan ya sauka a hanci ko a huhu. Idan suga ya yi yawa, sai su yi nauyi, ba sa isa wurin da wuri, idan sun isa ma ba sa kashewa yadda ya kamata. Wannan ɗaya kenan. Na biyu ya fi muni, shi ne yanayin da likitoci ke kira kitoasidosis. Idan insulin ya yi ƙaranci ƙwarai, jiki ya kasa amfani da suga, sai ya koma ƙona kitse, kitsen kuma ya bar wani guba mai tsami a jini. A jinin mai lafiya, sinadarin ƙarfe a ɗaure yake da wani furotin, ƙwayoyin cuta ba sa iya taɓa shi. Da jini ya yi tsami sai ɗaurin ya saki, ƙarfen ya yi ta yawo. Ita kuwa wannan funfuna ƙarfe da suga su ne abincinta, kuma tsamin ba ya damunta. Ga abinci ya wadata, ga masu tsaro sun yi rauni.

Shi ya sa yawancin waɗanda ke kamuwa ba masu shan magani a kan ƙa'ida ba ne. Waɗanda suka daina allurar insulin ne saboda tsada ko don an ce musu sun warke, ko waɗanda ba su ma san suna da suga ba sai da fuska ta kumbura aka gwada.

Yaya zan gane kitoasidosis ɗin?

Ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, amai, ciwon ciki, kasala, numfashi mai zurfi da sauri, baki na fitar da wani ƙanshi-ƙanshi na daban, daga baya mutum ya fara rikicewa ko barci mai nauyi. Na'urar gwajin suga galibi za ta nuna sama da 250. Wannan kaɗai ma, ko babu wata funfuna, ya isa a tafi sashen gaggawa a ranar.

Waɗanne alamu ne ya kamata su tayar wa mutum da hankali?

Riƙe kalma ɗaya: ɓari guda. Mura takan kama hanci duka biyu. Wannan cuta ta fi farawa ta gefe ɗaya, hanci ɗaya ya toshe, kunci ɗaya ya yi ciwo ko ya kumbura, ciwon kai ya tsaya a bayan ido ɗaya. Majina takan fito da jini-jini ko launin ƙasa-ƙasa ko baƙa, wani lokacin da wari. Wasu sukan ji wani sashe na fuska ya mutu, a taɓa ba sa ji. Wasu haƙoran sama ne ke fara ciwo ko girgiɗi haka kawai, dasashi ya kumbura.

Idan ta matsa sai ido ya shiga ciki: fatar ido ta kumbura ko ta sauko ta rufe ido, ƙwayar idon ta turo waje, mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, ko gani ya ragu cikin yini ɗaya ko biyu. Alamar da aka fi saninta da ita ita ce baƙin tabo a cikin hanci, a karan hanci, ko a ganɗa. Baƙin ba launin funfunar ba ne, nama ne ya mutu.

Amma don Allah kada a zauna jiran baƙin tabo. Ba kowa yake fito wa ba, kuma duk wanda ya fito wa, cutar ta riga ta yi nisa. Mai suga da ke da ciwon ɓarin fuska da kumburi, ko wani canji a ido ɗaya, a kai shi asibiti ranar nan, ko da dare ne. Zazzaɓi ma ba dole ne ya zo ba.

Mahaifina yana da suga, haƙorinsa na sama yana ciwo, kuncinsa ya ɗan tasa. In kai shi a cire?

Allah ya ba Baba lafiya. Mafi yawan ciwon haƙori ciwon haƙori ne kawai, kada hankalinka ya tashi fiye da kima. Sai dai kafin a taɓa haƙorin, a gwada sugansa, kuma a kai shi wurin likitan haƙori na asibiti, ba mai cire haƙori na bakin kasuwa ba. Ka gaya wa likitan Baba na da suga tun kafin ya tambaya. Ka haska bakinsa da fitilar waya ka duba ganɗa: akwai wurin da ya yi fari fat, ko toka-toka, ko baƙi? Haƙori fiye da ɗaya ne ke girgiɗi? Idan an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, kwana biyu babu sauƙi, ko kumburin ya doshi ido, ku wuce babban asibiti. An sha samun wannan cuta bayan cire haƙori, ramin ya ƙi warkewa, ƙashin muƙamuƙi ya bayyana.

Me take yi wa jiki idan aka yi jinkiri?

Halinta shi ne bin jijiyar jini. Zarenta na huda bangon jijiya ya shiga ciki, jini ya daskare, jijiyar ta toshe, duk naman da take ciyarwa ya mutu. Daga ramukan da ke cikin ƙashin fuska, babu nisa zuwa kwarmin ido, ƙashin da ya raba su siriri ne ƙwarai. Idan ta toshe jijiyar da ke kai wa ido jini, makanta ce, kuma ganin ba ya dawowa. Daga ido akwai hanya zuwa manyan jijiyoyin da ke gindin ƙwaƙwalwa. Can takan jawo daskarewar jini, shanyewar ɓarin jiki, ƙurji a ƙwaƙwalwa, farfaɗiya, dogon suma. Ta ƙasa kuma takan cinye ganɗa har ta ɓula, ruwan da aka sha ya riƙa fitowa ta hanci.

Ba fuska kaɗai take kamawa ba. Akwai ta huhu, mai zuwa da tari da ciwon ƙirji da tarin jini, wadda ake iya ɗauka tarin fuka ce. Akwai ta fata, mai shiga ta rauni ko ƙuna, wurin ya yi ja, ya yi tauri, tsakiyarsa ta yi baƙi. A dunƙule, kusan rabin waɗanda suka kamu da mukomaikosis ba sa tashi. Adadin ya fi haka sauƙi idan an tare ta tun tana hanci, ya fi haka muni idan ta kai ƙwaƙwalwa.

Ita ce wadda aka yi ta labari a Indiya lokacin korona?

Ita ce. A shekarar 2021, lokacin da korona ta sake ɓarkewa a Indiya, an samu fiye da mutum 40,000 da suka kamu cikin 'yan watanni, dubbai suka rasu, da yawa aka cire musu ido. Abubuwa uku suka haɗu: yawan masu suga, korona, da kuma magungunan sitiroyid da aka yi ta bayarwa ba bisa ƙa'ida ba. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin nau'o'in fangas 19 da suka fi barazana ga ɗan Adam, dangin wannan funfuna na ciki.

Wane ne sitiroyid ɗin? Ina da shi a gida ban sani ba?

Mai yiwuwa ne ƙwarai, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so kowa ya tsaya a kanta. Deksametason, wanda ake ce wa deksa, da firednisolon su ne aka fi sani. Magunguna ne masu amfani a hannun likita, ga mai asma ko wasu cututtukan gaɓoɓi. Amma suna ɗaga suga sosai, suna kuma kwantar da garkuwar jiki. A wajenmu sun zama ruwan dare. Mai dako ko ɗan acaɓa ya dawo a gajiye, ya je kemis a haɗa masa ƙwayoyin ciwon jiki a leda, babu suna babu kwali, sau da yawa akwai deksa a ciki. Mata masu neman ƙiba na shan sha-ka-fashe, shi ma yawanci ba ya rasa ta. Wasu mayukan bilicin ma na ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi da ke ratsa fata.

Mai suga kada ya sha ƙwayar da bai san sunanta ba. Wannan ba abin sassautawa ba ne. Wanda kuma ya riga ya yi makonni yana sha, kada ya yanke rana ɗaya, domin yankewa kwatsam na iya kayar da mutum. Ya je wurin likita a rage masa a hankali.

Ina sayar da kayan gwari a Mile 12, ƙanina kuma yana harkar shanu. Mu bar sana'a kenan?

A'a, Alhaji, ba wanda ya ce a bar neman halak. Gaskiya ne ruɓaɓɓen tumatir da albasa, dusa da harawar da ruwa ya taɓa, kashin shanu a kwatar Oko-Oba, da bolar da 'yan jari-bola ke tonawa duk matattarar funfuna ce, ga damunar Legas mai tsawo da ɗakuna masu laima. Amma dubban mutane na aiki a wuraren nan lafiya ƙalau. Wanda sugansa ke kan hanya, jikinsa na iya kare kansa. Abin da za ka ƙara shi ne takunkumi idan za a kwashe ruɓaɓɓen kaya ko a zazzage buhunan dusa, takalmi mai rufe ƙafa, da wanke duk wani rauni da sabulu da ruwa mai tsabta nan take. Kada ka shiga ruwan ambaliya da miki a ƙafa. Idan sugan ya hau, ko kana kan sitiroyid da likita ya rubuta, bar wa yara aikin kwashe shara har ka daidaita.

Ana ɗaukarta daga mara lafiya?

Ba a ɗaukar mukomaikosis daga mutum, ko ta numfashi ko ta kwano. A yi jinyarsa, a ci abinci tare, kada a ƙyamace shi.

Wane asibiti za mu nufa? Wasu na cewa gara a sa shi a mota a kai shi gida.

Wannan al'ada tamu ta "a kai shi gida" tana da dalili, kowa na so ya yi jinya kusa da danginsa, kuma zaman asibiti a Legas akwai tsada da kaɗaici. Amma daga nan zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne, ga haɗa kuɗin mota, ga jiran mota ta cika, ga kwana a hanya da mutumin da jininsa ya yi tsami yana amai. Idon da aka bar Legas da shi yana gani, ana iya isa gida ya mutu. Ina roƙon shugabannin unguwa da na kasuwa, kuɗin da za a tara na mota a tara shi na asibiti. Idan ya samu sauƙi sai ya tafi gida ya huta.

Cutar na buƙatar wurin da ke da likitan kunne da hanci da maƙogwaro, likitan ido, likitan suga, ɗakin gwaji da ɗakin tiyata a wuri guda. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, yana Idi-Araba, kusa da mutanenmu. Na Jami'ar Jihar Legas, LASUTH, yana Ikeja, ya fi kusa da mutanen Agege. Idan ƙaramin asibiti kuka fara zuwa, ku nemi takardar turawa ba tare da ɓata lokaci ba. Lambobin gaggawa na jihar su ne 112 da 767. Ku tafi da duk magungunan da yake sha, har na leda da na gargajiya, kuma ku ɗauki wanda ke jin Turanci ko Yarbanci sosai. Ku faɗi ranar da abin ya fara da yadda yake ƙaruwa.

Wane gwaji ake yi?

Likita zai zura siririyar na'ura mai fitila cikin hanci ya duba. Za a yi hoton CT ko MRI don ganin inda ta kai. Tabbaci kuwa sai an yanki ɗan nama an duba a madubin ƙara girma, inda ake ganin zarenta mai faɗi. Gwajin jini na yau da kullum ba ya kama ta, don haka "an gwada jini ba a ga komai ba" bai wanke mutum ba. Idan zargin ya yi ƙarfi, likita kan fara magani tun sakamako bai fito ba, kuma daidai ya yi.

Babu maganin da zai hana a yi tiyata?

Abu uku ake yi a tare: a sauko da suga a gyara tsamin jini da insulin da ƙarin ruwa, a fara maganin funfuna ta jijiya, a kuma yanke mataccen nama. Dalilin tiyata a fili yake. Magani ta jini yake tafiya, naman da jijiyarsa ta toshe kuwa jini ba ya zuwa wurinsa, funfunar na nan a ciki tana ci gaba. Wani lokacin sai an koma ɗakin tiyata fiye da sau ɗaya. Wani lokacin sai an cire wani sashe na muƙamuƙi, ko ido ɗungurungum. Babu dangin da za su ji wannan su ji daɗi, kuma kuna da haƙƙin a yi muku bayani dalla-dalla. Amma kwanakin da ake ɓatawa ana jiran wani babba ya iso daga gida kafin a sa hannu, cutar ba ta jira. A yi shawarar ta waya.

Babban maganin shi ne amfoterisin B. Akwai tsohon nau'i mai sauƙin kuɗi, amma yana wahalar da ƙoda, yana zubar da sinadarin fotasiyam, yana sa rawar ɗari. Akwai wanda aka lulluɓe da kitse, ya fi sauƙi ga ƙoda amma yana da tsada sosai. Kowanne aka yi amfani da shi, sai an riƙa gwajin ƙoda a kai a kai, tunda mai suga da ma ƙodarsa na cikin haɗari. Bayan an samu sauƙi akan koma fosakonazol ko isabukonazol na sha, makonni ko watanni. Fulukonazol da ake samu a kowane kemis ba ya yi mata komai, boriconazol ma haka.

Kuɗi kam za a kashe. A tuntuɓi sashen jin ƙai na asibitin, a sanar a masallaci da ƙungiyar kasuwa tun ranar farko. Mai suga da ke zaune a Legas ya yi rajistar inshorar lafiya ta jihar, Ilera Eko, tun yana lafiya, ya kuma tambayi abin da take ɗauka da wanda ba ta ɗauka.

Wasu na cewa jifa ne ko iska, tunda fuska ta karkace dare ɗaya.

Saurin cutar ne ke sa a yi wannan zato. Addu'a da tofi ba su hana ƙarin ruwa shiga jijiya, a yi su a bakin gadon asibiti. Abin da za a guje wa shi ne hayaƙi, shaƙen garin magani a hanci, sirace, da shafa wani abu a kan baƙin tabo ko tsaga wurin. Garin itace da ya daɗe a ajiye shi kansa yana iya ɗauke da irin funfuna.

Ban da mukomaikosis, akwai wasu?

Akwai Kandida, mai kawo farin baki da ƙaiƙayin gaba. A mai suga takan hau mafitsara, ta kai ƙoda, har ta dunƙule ta toshe hanyar fitsari. A asibiti takan shiga jini ta robar fitsari ko ta jijiya da ta daɗe a jiki, daga nan ta sauka a ido ko a zuciya. Wani nau'inta, Kandida auris, wanda aka fara ganowa a Japan a 2009, yana bijire wa magunguna da yawa, kuma shi yana yaɗuwa tsakanin majinyata a asibiti. Masu shan sababbin magungunan suga da ke fitar da suga ta fitsari, irin su emfagiliflozin da dafagiliflozin, su ƙara tsabtar gaba, kuma ciwo ko kumburi a wurin tare da zazzaɓi na gaggawa ne, kada kunya ta hana faɗa.

Sai Asfajilus, mai son zama a ramin da tarin fuka ya bari a huhu. Wanda ya gama maganin tarin fuka amma tari da rama da jini suka ci gaba, gwaji kuma ya nuna babu tarin, ya tambayi likita game da ita. Dattijo mai suga da kunnensa ke ciwo mai hana barci yana zubar da ruwa, shi ma ya ga likitan kunne. Galibi bakteriya ce, wani lokacin Asfajilus, kuma duka biyun na iya cin ƙashin gindin kai.

Azumi fa?

Wanda ya yi kitoasidosis cikin watanni 3 kafin Ramadan, ko yake kan jinyar irin wannan cuta, likitoci na ba shi shawarar kada ya yi azumi, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Mai suga da aka yarje wa ya yi, ya riƙa gwada jininsa da rana, malamai sun bayyana cewa ɗan hujin yatsa ba ya karya azumi. Idan sugan ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ya sha ruwa. Kada a daina insulin don ana azumi, likita ne zai canja lokaci da adadi.

Wanda ya tsira, ya rabu da ita kenan?

Tana iya dawowa idan aka yanke magani da wuri ko suga ya sake hawa, don haka ranar komawa asibiti ba ta tsallakuwa. Ga yawancin manya, ana so gwajin safe kafin a ci komai ya tsaya tsakanin 80 da 130, gwajin HbA1c na wata uku-uku, mai nuna matsakaicin suga a jini, kuma ƙasa da kashi 7 cikin ɗari, sai dai idan likita ya ɗora mutum a kan wani ma'auni. Wanda ganɗarsa ta ɓule, likitocin haƙori na yin wani murfi da ake sawa a baki, ya iya ci da sha da magana. Wanda ya rasa ido akwai na roba, daga baya kuma ana iya tiyatar gyaran fuska. Idon da ya rage sai a riƙa kai shi ana dubawa aƙalla sau ɗaya a shekara, domin suga na cin ido ta wata hanyar daban. Mutanen gida su lura da shi: da yawa sukan daina fita masallaci da kasuwa saboda kunyar fuskarsu, su yi shiru, su daina cin abinci. Idan aka ga haka a gaya wa likita a ziyara ta gaba, akwai masu ba da shawara da magani a kan damuwa a LUTH da LASUTH.